Zubewar gashi: kurakuran da mata suka fi yi

Babban kuskure shi ne mace ta ga gashi cike da mataji ta garzaya kemis. Zubar sili 50 zuwa 100 a rana ba ciwo ba ne. In ya wuce haka, kafin ki kashe ko sisi, ki waiwaya wata biyu zuwa huɗu baya. Haihuwa kika yi? Zazzaɓi mai zafi, tiyata, ko horon kai da yunwa don rage ƙiba? Gashi ba ya zuba nan take, sai an jima.

Mai jego ce ta fi yin asarar kuɗi a banza. Lokacin goyon ciki sinadarin estrojin yana hawa, gashi ya rage zuba, ya cika kai. Bayan haihuwa sai sinadarin ya sauka, abin da ya taru ya zube gaba ɗaya. Yawanci kafin yaro ya shekara gashin ya dawo da kansa, sai a yi ta yabon man da aka shafa.

Wasu kuma komai sai su ce homon ne, wato sinadaran jiki irin su estrojin. Duba inda ya cinye. In gaban goshi ne da saman kunnuwa, ga ƙananan ƙuraje bayan an yi kitso, to tsaurin kitson ne. Ki ce wa makitsiya ta sassauta hannu, domin in abin ya daɗe tushen gashin mutuwa yake yi, ba ya sake tsirowa. Na homon ya fi cin tsakiyar kai, ki ga tsaga tana ta faɗi. In ya haɗu da gashi a haɓa, ƙurajen fuska da al'ada mai tsallake, likita zai binciki PCOS, wani ciwo da ke rikita homon da fitar ƙwan mace. Ki nemi a duba ƙarancin jini da tayirod, wadda ke kawo maƙoƙo in ta kumbura. Amma ki faɗa in kina shan biotin, bitamin ɗin da ake sha don gashi, domin yana rikita sakamakon gwajin tayirod.

Mafi haɗari shi ne shan maganin homon saboda ƙawa ta sha ta dace. An yi shi ne don masu fama da zafin jiki da gumin dare bayan ɗaukewar al'ada, ba don gashi ba, kuma ƙwayarsa na iya jawo daskarewar jini.

Minoxidil, maganin tsirar da gashi na shafawa, yana aiki, sai dai yana son wata uku zuwa shida, kuma a makonnin farko zubar kan ƙaru. A nan da yawa ke jefar da kwalbar. Mai ciki da mai shayarwa kada su taɓa shi.