Darasi na Tara: Daga Yatsan Girkawa Zuwa Ƙwayar Zarra

Kowa a cikinmu ya san kamu da taƙi da gaba. Mai haƙa rijiya zai ce ya kai gaba goma bai tarar da ruwa ba, masaƙi kuma da kamu yake auna zanensa. Girkawan dā su ma da jikinsu suke awo. Ƙaramin ma'auninsu shi ne faɗin yatsa, suna ce masa daktulos. Yatsu 4 tafin hannu ɗaya ke nan, yatsu 16 ƙafa ɗaya, yatsu 24 kuma kamu ɗaya, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsan tsakiya. Ƙafa 600 ita ce stadiyon, tsawon filin tserensu, kuma daga nan kalmar sitadiyam ta samo asali.

Yau za mu ɗauki wannan tsohon awo mu mayar da shi zuwa ma'aunin da masana kimiyya suke auna ƙwayar zarra da shi, wato atam. Kalmar atam ma ta Girkanci ce, ma'anarta abin da ba ya yankuwa. Wani masani mai suna Dimokiritus, mutumin garin Abdera, ya koyar tun kusan shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa cewa komai da irin waɗannan ƙwayoyi aka gina shi, alhali ba shi da wata na'urar da zai gan su da ita.

Ma'aunin da ake auna ƙwayar zarra da shi sunansa angistirom, an sa masa sunan wani masanin ƙasar Suwidin da ya rayu daga 1814 zuwa 1874, wanda ya yi fice wajen nazarin hasken rana. Ku ɗauko rula ku dubi ƙananan zanen da ke jikinta. Tsakanin zane da zane milimita ɗaya ce, da ƙyar bakin farce yake shiga. To a cikin wannan 'yar tazara akwai angistirom 10,000,000, miliyan goma cif. Faɗin ƙwayar zarra ɗaya ta iskar haidirojin kusan angistirom ɗaya ne. Ku haddace wannan adadi, domin shi ne ginshiƙin lissafin duka.

Amma kafin a fara lissafi, akwai tambayar da ba a tsallake ta: ƙafar wane gari? Girkawa ba su da ƙafa guda. Yadda mudun wata kasuwa yake fin na wata cika, haka ƙafar gari take fin ta wani gari tsawo. A Olimpiya, inda aka fara wasannin Olimfik a shekara ta 776 kafin haihuwar Annabi Isa, filin tseren yana nan har yau, an auna shi ya kai mita 192 da 'yan kai. Idan aka raba wannan gida 600, ƙafar Olimpiya ta zama kusan milimita 320. Ƙafar birnin Atina kuwa kusan milimita 296 ce. Ni a ganina nan ne mutane suka fi yin kuskure, ba wajen ƙirga sifiri ba. Sai mutum ya yi lissafi daidai, amma da ƙafar da ba ita ake nufi ba.

Bari mu gwada da ta Olimpiya, don lambobinta sun fi sauƙi. Ƙafa milimita 320 ce, a cikinta akwai yatsu 16. Raba 320 gida 16, za ka sami 20. Yatsa ɗaya milimita 20 ke nan. Yanzu ninka 20 sau miliyan goma, amsa ita ce angistirom 200,000,000. Ka ɗora yatsanka a kan rula ka duba faɗinsa. Da za a jera ƙwayoyin haidirojin kafaɗa da kafaɗa su ƙetare wannan faɗi, sai an jera kusan miliyan ɗari biyu.

Da ƙafar Atina kuwa, 296 a raba gida 16 ya ba da milimita 18.5, wato angistirom 185,000,000. Sunan ɗaya ne, yatsa, amma bambancin ya kai miliyan goma sha biyar.

Komawa baya ma hanyar ɗaya ce, sai dai inda aka ninka a da, yanzu rabawa za a yi. A ce an ba ka angistirom 800,000,000. Share sifiri bakwai daga ƙarshe, saura 80, milimita ke nan. Raba 80 gida 20, ka sami yatsu 4, tafin hannu ɗaya na Olimpiya. Ko gaba za ka ko baya, ka bi ta milimita tukuna, kada ka yi tsalle kai tsaye. Kuma ka riƙa sa waƙafi bayan kowane lamba uku daga dama, idan ba haka ba sifiri ɗaya zai ɓace maka ba ka sani ba.

Aikin gida: kamun Girkawa yatsu 24 ne. Ku lissafa milimita nawa ne da awon Olimpiya, sannan ku mayar da shi angistirom. Bayan haka kowa ya auna nasa kamun da rula ko tef ɗin tela, ya rubuta a littafinsa, ya zo da shi aji mu kwatanta da na Girkawa.