Babi na 6: Shuka Tsirran Magani a Tsakar Gida

Darasi na 1: Taki

'Yan uwa ɗalibai, ba sai mutum yana da fadama a Kware ko Wurno ba kafin ya shuka zogale, na'ana'a, ɗoɗɗoya da tafarnuwa. Tsohon bokiti ko rabin jarka ya isa, muddin an huda gindinsa domin ruwa ya riƙa tsiyayewa. Yawancin ƙasarmu ta Sakkwato rairayi ce da ba ta riƙe ruwa, saboda haka sai an gauraya ta da takin gargajiya, wato kashin awaki, tumaki ko shanu. Ba za mu sa takin zamani ko maganin feshi ba, domin ganyen nan cikinmu zai shiga.

A nan ne yawancinku kuke kuskure, don haka ku karanta a hankali. Ɗanyen taki yana ƙone saiwa. Kada ku share turke da safe ku zuba wa shuka da yamma. Ku tara kashin a rami cikin inuwa, ku yayyafa masa ruwa, ku rufe shi da busasshen ganye, kuna juya shi duk bayan mako 2, har ya yi wata 2 zuwa 3. Idan kuna son sanin ko ya ruɓe, ku cusa hannu a tsakiyarsa. In kun ji ɗumi, da saura, ku mayar ku rufe. Sai ya yi baƙi, ya huce, yana marmashewa a tafin hannu kuma warin ya tafi, sannan ku haɗa kwano 1 na taki da kwano 2 na ƙasa.

Wanda bai gane ba ya sake karantawa, babu kunya a ciki. Amma abin yana damuna yadda wasunku, har da dattawa, ake faɗa musu a aji, su koma gida su zuba ɗanyen kashin kaji, ganye ya yi rawaya ya bushe, sannan su dawo suna cewa irin ne ba shi da kyau. Irin lafiyarsa lau, gaggawa ce ta kashe shi. Ina maimaitawa: taki mai ɗumi ko mai wari ba ya zuwa kusa da shuka.

Darasi na 2: Ban ruwa

A ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar. A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, a mayar da na'ana'a inuwa, zogale kuwa yana jure rana.

Darasi na 3: Ƙwari

A daka ganyen dogon yaro, a jiƙa shi ya kwana, a tace, a yayyafa wa shuka da yamma. A wanke ganye sosai kafin a ci, kuma mai juna biyu ta tambayi ma'aikacin lafiya kafin ta sha kowane jiƙo.

Darasi na 4: Tafarnuwa

Ana shuka ta da shigowar hunturu, tsininta na kallon sama.