Yadda ake cire ma kare kaska

To jama'a damina ta sauka a Yamai, kaska kuma ta fito, duk mai karen gadi a gida ya san zancen. Ga yadda ni nake yi.

Da farko ka samu matsefata, alkol cikin ƴar kwalba, da safar hannu. Ka sa wani ya riƙe ma shi, wanda karen ya saba da shi fa, kar ka kira yaron maƙwabta.

Sai ka bi jikin da hannu sannu sannu, cikin kunne, wuya, hammata, tsakanin yatsun ƙafa, nan ne suka fi laɓewa.

In ka gan ta ka kama ta can kusa da fata wajen kai, ka ja a miƙe a hankali, ba fizga ba murɗawa, don in bakinta ya karye a ciki wurin kumbura yake. Kuma don Allah a bar sa mata kananzir ko ƙona ta da ashana, wallahi karen kawai kake cuta.

Jefa ta cikin alkol ta mutu, kar ka fashe ta da farce. Shafa Betadine, maganin wanke ciwo, a wurin da ta ciji karen, ka wanke hannu da sabulu.

Ka share makwancin karen, don kaska ƙwanta a tsagar bango take zubawa.

In bayan kwanaki ya ƙi cin abinci, dasashi ya yi fari ko fitsari ya yi duhu, kai shi wajen likitan dabbobi ranar, kar ka ba shi paracetamol ɗinka.