Kurakuran da aka fi yi in mashin ya fara ƙara ko gabansa ya fara rawa

Wallahi na gaji da ganin yara sababbin shiga suna kashe inji da hannunsu, mutum ya karɓi Boxer na haya ko ya yi adashi ya sayi nasa, wata 3 bai cika ba an sauke inji. Kuma kusan kullum abu ɗaya ne.

Bari in fara da tafet, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul a saman inji, don shi ne ya taɓa cin kuɗina. Mashin ɗina na farko ya fara wata ƴar ƙara kas-kas-kas a saman inji, na kai wa wani bakanike, ko tambayata bai yi ba, injin da zafinsa don daga hanya nake, ya buɗe murfi ya ɗaure tafet tam har ƙarar ta ɗauke. Na ji daɗi na biya na tafi. Sati biyu mashin ya fara wuyar tashi, in ya yi zafi ya mutu a tsakiyar titi, kik ɗin ya yi laushi kamar ba komai a ciki. Da aka buɗe bawul ɗin salansa ya ƙone, bakinsa ya gutsire kamar ɓera ya ci. Kwana 4 ban fita aiki ba ga kuɗin kaya ga mai mashin yana jiran balas. Abin da ban sani ba lokacin, wannan ɗan gibin da ke tsakanin tafet da bawul da gangan aka bar shi, ƙarfe in ya ji zafi buɗewa yake, in babu gibin bawul ba ya rufuwa duka, wuta ta dinga bi ta gefensa. Tafet mai ƴar ƙara ya fi wanda ya yi shiru gaba ɗaya lafiya. Ana saita shi ne inji da sanyi, fistin yana can sama, kuma da fila geji, wato siraran ƙarafan auna gibi, ba da kunne ba. Na mashin CG125 misali milimita 0.08 ne. Ni yanzu gejina a aljihuna yake, kuma da sassafe nake yi kafin in tada mashin. Duk bakaniken da ya ce maka hannunsa ya saba ba ya buƙatar geji, tura mashin ɗinka gaba.

Sannan ba kowace ƙara ba ce tafet. Ka ɗauki doguwar sukudireba ka ɗora bakinta a jikin inji, ƙotar a kunnenka, ka bi sama da ƙasa za ka ji inda take fitowa. In ƙarar ta fi da sanyi ta ragu da inji ya ɗumama, yawanci fistin ne ya yi lako-lako. In kamar ana jan sarƙa a kwano, taimin cen ne ko abin da ke ɗame shi, amma wannan a irin su Boxer ne, CG ba shi da taimin cen sam, sanduna ne ke tura bawul, kar wani ya caje ka kuɗinsa. In ka matse kuloci ƙarar ta ɗauke, to can wajen kuloci take. Ka leƙa wuyan salansa ma, in ka ga baƙin hayaƙi a gefen noti gaskit ne kawai ya huje.

Wadda ba a wasa da ita ita ce ƙara mai nauyi daga ƙasa, gwaf-gwaf, tana ƙaruwa in ka ba da wuta. Konrod ke nan, ƙarfen da ke haɗa fistin da ƙasan inji. Haba jama'a, sai ka ga mutum ya zuba baƙin mai mai kauri don ta yi shiru ya ci gaba da ɗaukar buhun masara biyu da fasinja. Me kake jira? Ka kashe shi ka tura.

To mu zo gaban mashin. Yaran yanzu sun ɗauko wata ɗabi'a ta sassauta noti su zame ƙafafun shokozoba sama don gaban mashin ya duƙa wai ya fi kyau. Kana yin haka ka canza kwanciyar wuyan mashin, ƙafafun sun ƙara miƙewa tsaye, kan zai yi saurin juyawa amma a gudu ba ya zama, ka faɗa rami ɗaya ya fara kaɗawa a hannunka. Na ga yaro ɗan unguwarmu da bai kai shekara 20 ba ya sha ƙasa a haka, gwiwarsa duk ta saɓule. Ƙafar shokozoba ɗaya ma ta fi ɗaya fitowa sama, da ido aka yi, ba wanda ya auna. Ku bar shi inda kamfani ya sa.

Man shokozoba kuma ba tsohon baƙin man da aka juye daga inji ba ne. A sa nasa, a auna da sirinji daidai wa daida a kowace ƙafa. In ka ga mai yana tsatsa a jikin ƙarfen, canza oyil sil, ɗaura tsumma ba gyara ba ne, man yana iya gangarowa har birki.

Boris na wuya, wato ƴan ƙwallayen ƙarfen da kan mashin ke juyawa a kansu, ni ga yadda nake gwadawa: in kafe mashin a dabul stan, wani ya danne baya, tayar gaba ta tashi, sai in juya kan a hankali. In ya sarƙe a tsakiya boris ya ci rami, ɗaurewa ba za ta yi ba sai canji da giris. In na kama ƙafafun shokozoba na ja gaba da baya na ji ƙwas, ya saki ne, a ɗan ɗaure kaɗan, ba a matse shi har kan ya ƙi juyawa ba.

In ka faɗi kan ya karkace kar ka sa taya tsakanin cinyoyinka ka murɗa da ƙarfi shi ke nan. Sassauta notocin da ke riƙe ƙafafun da na aksul, ka kama birkin gaba ka danna ƙasa kamar sau 5 su koma mazauninsu, sannan ka ɗaure daga sama zuwa ƙasa.

Kafin duk wannan ma ka tsaya wajen mai faci ya auna maka iskar taya, ka duba ko rim ya lanƙwashe.