Kurakuran da aka fi yi wajen koya wa kwamfuta ƙidayar Hausa

Duk shekara sai wani ɗalibi ya zo mini a Samarun Zariya da aiki iri ɗaya: manhajar da za a ba ta 4,725 ta rubuta "dubu huɗu da ɗari bakwai da ashirin da biyar", ko a ba ta kalmomin ta mayar da su alƙaluma. Galibinsu sun zaɓi aikin ne don suna ganin ba shi da wuya. Ai ƙirga ce, yaron firamare ma ya iya. Sai an zauna za a rubuta ƙa'idojin ɗaya bayan ɗaya, abin da masana ke kira tsararren nahawu, sannan ake gane cewa bakin Bahaushe ya san abubuwan da shi kansa bai taɓa lura da su ba.

Kuskuren farko ba ya ɗaukar lokaci. Ɗalibi ya samo manhajar da aka yi don Ingilishi, ya cire kalmomin Turanci ya zuba na Hausa, sai ta fito da "uku ɗari". Bature yana sa adadin ninki a gaba, mu kuwa a baya muke sa shi: ɗari uku, dubu bakwai, miliyan biyu. Gyaran shi ne ka rubuta ƙa'idar daga tushe. Haka batun "sha" da "da". Daga 11 zuwa 19 "sha" ake sawa, kuma ana iya yar da goman a ce "sha biyar" kawai. Daga 21 zuwa sama "da" ce. Nahawun da ya haɗa su a ƙa'ida guda zai haifo "ashirin sha uku", wanda ba wanda ya taɓa faɗa tsakanin Kofar Doka da Kwangila.

Na biyu shi ne nahawu mai sakin linzami. Idan ka ce lamba ita ce lamba da "da" da wata lamba, ka buɗe ƙofa ga "biyar da ashirin" da "ɗari biyu da ɗari uku" da "goma da goma da goma". Lissafinsu daidai ne, amma ba sunayen lambobi ba ne. Masanin harshe James Hurford ya yi bayanin wannan tun 1975: harsuna suna fara cika babban ma'auni kafin su koma ƙarami, kamar mai awon hatsi da ke cika buhu kafin ya ɗauki tiya. Shi ya sa 2,500 take "dubu biyu da ɗari biyar". Don haka raba lambobinka aji-aji, ɗaiɗaiku da gomomi da ɗaruruwa da dubbai, ka wajabta cewa abin da ke bin "da" ya fito daga ajin da ke ƙasa da na gabansa.

Yanzu ga wurin da aikin yake, kuma nan ne kusan kowa ke faɗuwa. Ɗauki "dubu ɗari biyu da hamsin". Je ka kasuwar Sabon Gari ka ji mai sayar da firji ya faɗe ta, 250,000 yake nufi, ba shakka. Amma a kan takarda kalmomin nan suna iya zama 200,050. Ƙara "da biyar" a ƙarshe, fassara ta zama uku: 255,000 ko 250,005 ko 200,055. Dalilin yana cikin ginin harshen. Tunda adadin ninki yana bin "dubu" a baya, kuma ragowar da za a tara ita ma a baya take, babu alamar da ke nuna inda ninki ya ƙare tarawa ta fara. Ingilishi ba ya fama da wannan, domin kalmar dubu tana tsaye a tsakiya kamar katanga.

Abin da ɗalibai ke yi shi ne su bar manhaja ta ɗauki bishiyar li'irabin da ta fara cin karo da ita, wato hanya ta farko da ta samu ta rarraba kalmomin, su ce an gama. Wannan ɓoye matsala ne. Magana mai harshen damo sai a bar ta da harsunanta: manhajar ta fito da duk fassarorin, sannan wani mataki na daban ya zaɓa bisa abin da ke kewaye. In maganar kuɗi ake yi, fassarar da ta fi girma ita ce ta fi yawa a bakin mutane. Kuma ku lura da dabarun da masu harshen suka riga suka ƙirƙiro. Mai son 250,000 ba tare da gardama ba yakan maimaita, ya ce "dubu ɗari biyu da dubu hamsin". Mai son 200,050 yakan saka abin da ake ƙirgawa, ya ce "dubu ɗari biyu da naira hamsin". Waɗannan sifofin dole su shiga nahawunka. A ganina ma, idan manhajar za ta karanta wa mutum kuɗin da ke asusunsa, su kaɗai ya kamata ta riƙa furtawa. Gara a ce ta cika surutu da a ce ta sa tsohuwa ta ɗauka an tura mata dubu hamsin alhali naira hamsin ce.

Wani abin sha'awa, "sha" ba ta da wannan rikicin. "Dubu goma sha biyar" 15,000 ce kurum, don "sha" tana manne da gomanta. Mai nufin 10,015 sai ya ce "dubu goma da goma sha biyar". Haka "dubu biyu da ɗari biyar" fassara ɗaya gare ta, saboda "biyu da ɗari biyar" ba lamba ba ce.

Wannan ya kawo mu ga kuskuren amfani da nahawu ɗaya wajen furtawa da wajen fahimta. Mai furtawa ya kamata ya zama mai tsantseni, kowace lamba sifa ɗaya. Mai fahimta kuwa sai ya zama mai faɗin ƙirji. Zai gamu da "casa'in" da "tis'in", da "dubu ɗaya" da "dubu guda". Zai gamu da ɗebewa, "ashirin ba ɗaya" a madadin sha tara. In tsofaffin rubuce-rubuce za a ba shi, irin shafukan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a nan Zariya a 1939, to ya san "metan" 200 ce, "arbaminya" 400, "hamsaminya" 500, ya kuma san "zambar", wato dubu. Waɗancan ukun na farko daga Larabci aka aro su, kamar yadda aka aro ashirin har zuwa casa'in. Sai kalmomin kuɗi: "fam" naira biyu ce tun canjin kuɗi na 1973, "jaka" kuma naira ɗari biyu. Idan rubutun daga Nijar ya fito, "dala ashirin" sefa ɗari ce, don dala ɗaya sefa biyar ce. Kada ka cusa waɗannan cikin nahawun ƙirga, ka ware musu nasu teburin.

Akwai kuma kalmomin da suka yi kama da lamba alhali ba ita ba ce. "An ci shi tara", "ya tara jama'a", "ana ɗari yau", "ya sha ruwa", "na shiga uku". Na taɓa ganin manhaja ta mayar da "sha tara ta arziki" zuwa "19 ta arziki". Tunda rubutun boko ba ya nuna karin sauti da tsawon wasali, babu mafita sai duba kalmomin da ke maƙwabtaka. Kuma kafin komai ka daidaita haruffa, don a waya mutane "dari" da "hudu" da "daya" suke rubutawa ba ƙugiya.

Na ƙarshe ya shafi masu digiri na biyu da ke son a ga zurfi. Sun karanta matakan nahawu da Noam Chomsky ya tsara a shekarun 1950, sun kuma ji cewa Daniel Radzinski ya nuna a 1991 cewa sunayen lambobin Sinanci sun fi ƙarfin wasu nau'o'in nahawu masu ƙarfi. Sai su ce bari su ma su tabbatar da haka a Hausa. Hujjar Radzinski ta dogara ne kan maimaita babbar kalmar ƙirga ba iyaka, kowane jeri ya fi na bayansa tsawo. In ka tsayar da ƙirgarka a biliyan ko tiriliyan, lambobinka suna da iyaka, kuma duk harshe mai iyaka inji mafi sauƙi, mai ƙayyadaddun matakai, yana ɗaukarsa. Shi ake amfani da shi a manhajojin da ke karanta rubutu da murya, kuma ya ishe ka.

Wajen gwaji, sa manhajar ta furta kowace lamba daga sifili zuwa 999,999, ta kuma mayar da kowacce alƙaluma, ka ware duk wadda ta dawo da fuska fiye da ɗaya. Sannan ka buga guda hamsin daga cikinsu a takarda, ka kai wa mai awo a Tudun Wada da ɗan acaɓa da malamar lissafi, ka karanta musu da baki su rubuta abin da suka ji.