Yadda za a zaɓi transisto mai jure zafin Tawa

A Afrilu da Mayu zafin garin Tawa, a Nijar, yakan haura digiri 40, cikin akwatin inbata kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa zaɓen MOSFET, wato transiston da ke kunna wuta da kashe ta cikin inbata, yake son natsuwa.

Da farko, nemi takardar bayanin transiston ka duba iyakar zafin da cikinsa zai jure. Yawancin na silikon digiri 150 ne ko 175. Ɗauki mai 175.

Na biyu, nan ne masu gyara da yawa ke tuntuɓe: kada babban adadin amfiya da ke saman takarda ya ruɗe ka, a digiri 25 aka auna shi. Transisto mai lamba IRF3205 da kowa ya sani yana ɗaukar amfiya 110 a digiri 25, amma a digiri 100 sai ya koma 80. Da adadi na biyun za ka yi lissafi, ka kuma bar masa rata mai kyau. Dalili kuwa, da ya ɗau zafi turjiyarsa takan ƙaru, ƙaruwar nan ta sake haifar da wani zafin.

Na uku, bolt. IRF3205 mai bolt 55 ne, ya wadatar ga baturi mai 12. In baturinka mai 24 ne, nemi mai 100, kamar IRF3710.

Sai ka ɗaure shi tam a faffaɗan farantin alminiyam, da ɗan farin man nan mai kai zafi ga farantin a tsakani, siriri kawai. Sa fanka, ka riƙa hure ƙurar hunturu daga farantin.