Yadda ake riƙe unguwa a Hay Day har ta kai rukunin ƙoli na Champions ba ta watse a hanya ba

Unguwata ta farko a Hay Day, wasan noma na waya (unguwa a wasan ita ce ƙungiyar 'yan wasa masu taimakon juna), ta cika mutum 30 cikin kwana huɗu, ina ta murna ina aika wa abokai hoton jerin sunaye. Kafin wata ya zagayo ta zama kufai. Mutum biyar ne kawai muke aiki, sauran sun shigo sun shimfiɗa tabarma sun yi barci. Tun daga lokacin na ga mutane da yawa sun buɗe unguwa sun faɗa ramin da na faɗa, shi ya sa na zauna rubuta wannan. Ba zan tsaya koya wa kowa shuka alkama ko ciyar da kaji ba. Wasan nan kamfanin Supercell na ƙasar Finland ya fitar da shi tun 2012, wanda har ya kai ga tunanin zama mai unguwa ya wuce wannan ajin.

Na farko: kada ka buɗe unguwa da wuri

A lebul 10 wasan zai ba ka damar gyara gidan unguwa, da kuɗin wasa 10,000 da jiran kwana guda. Gyara shi, amma kada ka kafa taka. Gasar sukuwa ta mako-mako, wadda wasan ke kira Derby, ba ta buɗe maka sai lebul 18, kuma ita ce ruhin unguwa: a cikinta 'yan unguwa ke ɗaukar ayyukan gona daga wani allo suna tara maki, ana tsere da sauran unguwanni. Wanda bai taɓa yin sukuwa a ƙarƙashin wani ba, me zai gaya wa mabiyansa? Shiga unguwar wasu ka yi kamar wata biyu kana kallo: yadda suke share allo, yadda suke korar mutum, abin da ke haddasa faɗa. Ni a ra'ayina, kuma na mayar da shi doka, mai unguwa ya kai lebul 34 tukuna. A nan ne gari yake buɗewa, wato inda baƙi ke sauka ka yi musu hidima, kafin nan kuma ka riga ka sami jirgin ruwa a 17, ramin haƙar ma'adinai a 24, tafkin kamun kifi a 27. Idan ba ka da waɗannan, rabin ayyukan da ke kan allo ba ka san wahalarsu ba, balle ka ce wa wani ɗauki wannan, bar wancan.

Na biyu: rufe ƙofa

Ƙofa iri uku ce: kowa ya shigo, sai an nemi izini, ko sai da gayyata. Zaɓi ta tsakiya. Ta farko ita ta kashe ni. Ta ƙarshe kuwa sai unguwa ta yi suna take amfani, yanzu wa ya san ka da zai jira gayyatarka? Sa mafi ƙarancin lebul na shiga, ni 30 nake sawa. A wurin bayanin unguwa rubuta abu uku kacal: da wane yare ake hira, maki nawa ake ɗauka, aiki nawa ake bukata daga kowa. Dogon bayani ba mai karantawa.

Fara da mutum biyar zuwa takwas da ka san za su amsa maka magana. 'Yan ajinku, abokan shago, ƙannenka da ba sa ajiye waya. Takwas masu aiki sun fi talatin masu barci nesa ba kusa ba, kuma dalilin haka shi ne abin da zan daɗe a kansa yanzu.

Na uku: ƙidayar daren Litinin

Nan ne na fi so a saurare ni. Sukuwa tana farawa safiyar Talata a agogonmu, ta ƙare ranar Litinin. Wasan yana haɗa unguwa 15 a tsere ɗaya, kuma yana haɗa ku da waɗanda yawan 'yan wasansu da suka shiga gasar ya yi kusa da naku. Ka lura da kyau: waɗanda suka shiga gasar, ba waɗanda za su yi aiki ba. Wasan bai san wane ya tafi biki ƙauye ba, bai san wane wayarsa ta faɗa ruwa ba. Kawuna kawai yake ƙirgawa. Idan kun shiga ku 20 amma 8 ne ke aiki, an jefa ku cikin masu hannu 20 da gaske, ku kuna da hannu 8. Ko kun kwana kuna noma ba za ku kamo su ba. Gasar tana da rukuni hawa-hawa, daga Rookie a ƙasa har Champions a sama: unguwanni uku na sama suna hawa rukuni na gaba, uku na ƙasa suna gangarowa. Mu mun gangaro sau biyu a jere kafin na gane cewa ba ƙwazo ne ya yi mana ƙaranci ba, lissafi ne.

Maganin yana nan cikin wasan, mutane ne ba sa amfani da shi. Kowane ɗan unguwa yana iya cire kansa daga sukuwar mako mai zuwa, ya ci gaba da zama a unguwa, yana hira yana ciniki. Mai unguwa da mataimakansa ma suna iya cire mutum. To ga yadda nake yi. Tun ranar Lahadi nake sa cigiya a rukuninmu na WhatsApp: wanda zai yi sukuwa ya ce "ina ciki". Ba na karɓar ɗaga babban yatsa, sai an rubuta. Daren Litinin, bayan isha'i, in buɗe jerin sunaye in bi ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda bai amsa ba, na cire shi. Ko aminina ne, ko yayana ne. Na taɓa cire yayana uwa ɗaya uba ɗaya, ya kira ni yana faɗa, "Kai ƙane, ni za ka cire?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, makon jiya aiki biyu ka yi cikin tara." Ya yi dariya ya kashe waya. Mako na gaba shi ya fara rubuta "ina ciki".

Abin da ke hana sababbin masu unguwa yin haka kunya ce. Suna ganin cire mutum kamar wulaƙanci ne. Sai ka bayyana tun ranar da mutum ya shigo cewa hutu ba laifi ba ne, laifin shi ne ka ce kana ciki sannan a neme ka a rasa. Mai jarrabawa ya huta. Wadda ta haihu ta huta. Wanda unguwarsu ta gaske taransifoma ta ƙone, ba wuta sai cajin kuɗi a shago, ya huta har a gyara. Makon Sallah kuwa ni kusan kowa nake cirewa, in bar mutum huɗu ko biyar da suka rantse suna nan, domin na gwada shiga da jama'a duka sau ɗaya, ranar hawa ba wanda ya leƙa gona, kowa yana can wajen dawakin gaske. A azumi kuma akasin haka ne, bayan sahur ayyuka suke gudu kamar ruwa.

Wani abu da ya kamata ka sani: wanda ya shigo unguwa bayan an fara sukuwa ba zai shiga ta wannan makon ba, sai ta gaba. Wannan alheri ne gare ka. Kana da kwanaki kana kallonsa kyauta. Yana gaisuwa? Yana taimakon jiragen mutane? Ko daga shigowa sai roƙon katako da ƙusa? Idan kwana uku bai ce uffan ba, kada ka bari Talata ta same shi a cikin gasa.

Na huɗu: allo

Allon ayyuka yana ɗaukar aiki 12 a lokaci guda, kowanne da makinsa, mafi tsada a sukuwa ta yau da kullum 320. Yawan ayyukan da aka yarje wa kowa ƙayyadadde ne: 5 a rukunin Rookie, yana ƙaruwa da ɗaya-ɗaya a Novice, Professional da Expert, har 9 a Champions, sannan akwai ƙarin guda ɗaya da ake saya da lu'ulu'u, kuɗin wasan mai wuyar samu. Ke nan a Champions mutum ɗaya iyakarsa 3,200 idan ya sayi na goma. Tunda adadin a ƙayyade yake, duk wanda ya ɗauki aikin maki 150 ya zubar da 170 da ba za su dawo ba. Haka idan ka ɗauki aiki ka kasa, ko lokacinsa ya ƙare, ko ka jefar da shi, damar ta tafi.

Saboda haka aikin shugabanni shi ne shara. Duk aikin da bai kai ƙa'idarku ba a share shi, wani ya fito bayan minti 30. Amma kada ka yi irin wautar da na gani, unguwa tana Novice mai ita ya kafa dokar 320 ko ba komai. Mutanensa 'yan lebul 20 suka zauna suna kallon allo cike da aikin gari da na kifi da ba su da halin yi, suka gaji suka fice. Fara da 280. In kun hau Expert ka ɗaga zuwa 300 ko 310. Dokar 320 zalla ta Champions ce, kuma ko a can sai kana da masu shara dare da rana.

Koya wa mutanenka shiri kafin ɗauka, wannan shi ne sirrin da ke raba ƙwararru da 'yan koyo. Aikin girbin rake ya fito? Kada ka taɓa shi tukuna. Cika gona da rake, jira minti 30 ya nuna, sannan ka ɗauki aikin ka girbe nan take. Haka kayan injina, bar su a jere ba ka kwashe ba sai aikinsu ya fito. Haka baƙin gari, biya musu bukata ka bar su tsaye ba ka sallame su ba. Alkama minti 2 ce, masara 5, karas 10, waɗannan ayyukan bar wa ƙananan 'yan wasa su ji daɗin kawo maki. Aikin jirgin ruwa kuwa, tunda jirgi in ya tafi sai bayan awa huɗu yake dawowa, kada kowa ya ɗauke shi ranar Lahadi da dare sai mai lu'ulu'un ɓatarwa. Maganar lu'ulu'u ma, ni ba na tilasta wa kowa sayen aiki na goma. Kuɗin data kaɗai ya ishi mutane, ba zan sa ɗalibi ya sa kuɗin gaske a gonar waya ba. Wanda yake haƙar ma'adinai yana kallon tallan da wasan ke bayarwa, zai tara abin da zai isa.

Dokar kama aiki: wanda yake shirya wani aiki ya faɗa a hira, "rake 320 nawa ne, minti ashirin". Wanda ya tsallake ya ɗauke, gargaɗi ɗaya. Faɗan da na raba a kan wannan ya fi na komai yawa.

Na biyar: sarauta

Muƙamai huɗu ne: mai unguwa, mataimaki, dattijo, sai talaka. Dattijo ka ba wanda ya yi sukuwa uku a jere bai bar aiki ba. Mataimaki kuwa ka yi hattara, domin yana iya korar mutane. Na taɓa ba wani yaro mataimaki a kwanansa na biyu saboda bakinsa da daɗi, ranka ya daɗe nan ranka ya daɗe can. Na wayi gari ya kori mutum shida ya share duk 320 da ke allo ya gudu. Mataimaki biyu sun isa, kuma ka zaɓe su da lokacin barcinsu: ɗaya mai sammako, ɗaya mai kwana ido biyu. Idan kana da ɗan uwa mai karatu a Malesiya ko Indiya da yake buga wasan, riƙe shi da hannu biyu, lokacin da muke barci shi gari ya waye masa, allo ba zai kwana da datti ba.

Na shida: ciniki da taimako

Kayan faɗaɗa sito da rumbu su ne gishirin unguwa. Wani yana da katako ya yi masa yawa ba shi da salatif, wani akasin haka. Ku riƙa musaya ɗaya da ɗaya ta shagon bakin hanya, a faɗa a hira kafin a sa, mai saye ya tsaya a shagon, kuma kada a sa talla a jaridar wasan, in ba haka ba baƙo zai wawushe. Ka sa doka cewa alamar neman taimako a jirgi ko bishiyar ɗan unguwa ba ta wuce awa guda. Mai roƙo kullum ba ya bayarwa, yi masa magana a keɓe sau ɗaya, na biyu ƙofa.

Na bakwai: girma

Sai kun yi mako uku kowa yana cika aikinsa sannan ka ƙara mutane, biyu-biyu, ba goma ba. Hanya mafi kyau ita ce kowane dattijo ya kawo mutum ɗaya da zai tsaya masa. Rukunonin Hay Day na Facebook ma ana samun mutane, amma rabin masu zuwa daga can yawon buɗe ido suke. Ni ban ƙara barin unguwa ta wuce 18 ba, fiye da haka ƙidayar Litinin tana zama aikin ofis. Sukuwa ta musamman, irin su Bingo, Blossom da Power, kowace da dokarta, karanta bayanin da safiyar Talata ka taƙaita wa jama'a a layi biyu. A Bingo musamman ka hana shara har sai kun zaɓi layukan ayyukan da za ku cika a katin Bingo. Kora kuma ka yi ta ranar Litinin bayan an rufe gasa kowa ya kwashi kyautarsa ta takalmin doki, wato ladar makin da unguwa ta tara, ka rubuta wa mutumin dalili a layi ɗaya, ka ce masa in ya sami sarari ya sake neman izinin shiga.